ZAKKAR FILIN DA AKA SAYA DON NEMAN RIBA



Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987, gari ya tsallake ganuwa, filaye suka yi daraja. Mutum yana zaune a unguwar Gobarau, sai ya sayi gona a wajen Batagarawa ko kusa da madatsar ruwa ta Ajiwa, ba don ya noma ba, sai don ya jira ta yi tsada. To, shin akwai zakka a kan irin wannan dukiya?

A mazhabar Imamu Malik, hukuncin yana rataye ne da niyyar mutum ranar da ya saya. Wannan mas'ala ta kasu kashi uku.

Na farko, wanda ya saya don ya gina gidan zama, ko wurin hutawa da iyali. Babu zakka a kan filin. In daga baya ya sayar, sai kuɗin sun shekara a hannunsa kafin ya fitar.

Na biyu, wanda ya saya ya ajiye yana jiran kasuwa ta tashi. Malamai suna kiransa muhtakiri. Wannan ba ya fitar da kome sai ranar da ya sayar, muddin asalin jarin ya shekara. A ranar zai ba da zakkar shekara ɗaya tak, ko da filin ya yi shekara 10 a hannunsa.

Na uku, wanda saye da sayar da filaye ita ce sana'arsa ta kullum, watau mudiri. Shi kam kowace shekara zai ƙiyasta darajar filayensa, ya haɗa da kuɗin da ke hannunsa, ya fitar.

Abin fitarwa kashi 1 ne cikin 40, in dukiyar ta kai nisabi, watau dinari 20 na zinariya. Alal misali, wanda ya sayar da fili a kan Naira miliyan 40, miliyan 1 haƙƙin mabukata ne.

Sai a yi hattara! Kada mutum ya saya da niyyar ciniki, ranar sayarwa kuma ya ce ai gidan zama ya nufa. Shaidun ciniki ba su ga zuciyarsa ba, amma Allah Ya gani.

Allah Ya sa mu dace, amin.