Haƙƙin Ɗan Ƙodago Idan Ya Ji Rauni A Bakin Aiki

 

A ƙasar Tambuwal da Kebbe, da zarar an kawar da amfanin gona sai ayyukan rani su kankama: haƙar rijiya, da gini, da dako, da casar shinkafa a inji. A nan ne tsautsayi kan auku, inji ya fizge yatsun yaro, ko rijiya ta rufta da mai haƙa. To, wa zai ɗauki nauyin magani da cefanen iyalinsa?

Waɗansu iyayen gida sukan fake da hadisin Abu Huraira, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, mai nuna cewa babu ramuwa a kan abin da rijiya ko ramin ma'adini suka halaka. Hadisin ingantacce ne, kuma malamai sun shigar da wanda aka ɗauka haƙa a cikinsa. Amma fa sai idan babu sakaci. Wanda ya miƙa wa leburansa ruɓaɓɓiyar igiya yana sane, ko ya sa yaro ƙarami a bakin inji, lamuni ya hau kansa. Cewa "ƙaddara ce" ba ya sauke shi, domin bashi ma da ƙaddara ake cinsa, kuma biya ake yi.

Shari'a ba ta ɗauki gaɓar mutum da arha ba. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1,000. Kowane yatsa raƙuma 10, haƙori 5. A mazhabar Imamu Malik, raunin kuskure idan ya kai sulusin diyya, aƙila ce ke biya, watau dangin mai laifi na wajen uba, a karkasa musu. Sayyidina Umar kuwa ya ɗora ta a kan mutanen diwani, waɗanda rajistar albashi ɗaya ta haɗa su. Wannan abin lura ne ƙwarai: abokan aiki sun tsaya a matsayin dangi.

Dokar Nijeriya ta diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ta bi hanya mai kama da wannan. Mai ɗaukar ma'aikata zai zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, kuma an hana shi cire kuɗin daga albashin ma'aikaci. Da wuya mai injin ƙauye ya san da wannan rajista, saboda haka ya kamata ƙungiyoyin magina da masu inji su kafa nasu asusun, maigida ya zuba, yaransa su zuba, a rubuta sharuɗɗan a gaban shaidu tun kowa yana lafiya.

Inda kuwa aka yi rajista, sai da haɗin kan ɓangarorin biyu haƙƙin ke fita. Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da maigida cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, a shigar da neman diyya kafin shekara ta cika. Maigidan da ya ɓoye rahoton don gudun bincike ya ci amana, ma'aikacin da kunya ta rufe masa baki har wa'adi ya wuce kuwa yana iya tozartar da abincin 'ya'yansa.