Kafin a Yanka Rago: Ga Mai Neman Sunan da Ba a Saba Ji Ba

Wani magidanci ɗan Tamaske, cikin gundumar Keita, ya aiko da tambaya daga Abijan inda yake ci-rani. Maiɗakinsa ta kusa sauka, kuma su biyun sun ƙudura ba za su ƙara wani Mahamadu ko wata A'ishatu a gidan ba, don a cewarsa in aka kira Mahamadu a zaurensu mutum huɗu ke waiwayowa. Ta tsinto wani suna a waya mai daɗin ji, sai dai ba wanda ya san ma'anarsa, tsohuwarsa kuma ta ce ba da ita ba. Shin laifi ne a raɗa wa yaro sunan da ba kowa ke da shi ba?

Ba laifi ba ne, ɗan'uwa. Addini bai ce dole sai an maimaita sunan kaka ba. Abin da ya ɗora wa uba shi ne ya zaɓa wa ɗansa kyakkyawan suna, kuma kyan suna a ma'anarsa yake. Annabi (SAW) ya sha canza sunaye saboda haka. Wata ɗiyar Sayyidina Umar ana ce mata Asiya, da ma'anar mai saɓo, ya mai da ita Jamila. Kakan Sa'idu bin Musayyib sunansa Haznu, wato mai kaushi, aka ba shi Sahlu ya ƙi karɓa, jikan nasa kuwa ya ce kaushin bai bar zuriyarsu ba. Hausawa ma sun ce suna linzami ne.

Ka duba wannan Asiyar da kyau. Matar Fir'auna, baiwar Allah ta gari, ita ma Asiya muke ce mata, kuma in aka rubuta su da boko ba mai raba su. A Larabci ne baƙaƙensu suka bambanta. To haka yawancin sunayen da ke yawo a Facebook da WhatsApp suke: an kwafo su da boko, an manna musu fassarar da ba a san wanda ya yi ta ba, kowane suna sai ka ji wai "furen Aljanna" ne. Saboda haka a kai sunan wurin malamin da ya san lugga, ya rubuta shi da baƙaƙen Larabci, ya buɗe ƙamus a gaban wanda ka wakilta. In an nema ba a same shi ba, ku haƙura da shi.

Kada kuma a rufe maka baki da cewa "ai a cikin Alƙur'ani yake". Fir'auna da Ƙaruna da Zaƙƙum ma suna ciki. Afnan rassan itace ne, Sundus alharini, Salsabil idon ruwa ne a Aljanna, duk ba su da aibi, amma sai an bincika ake sanin haka. Sunan da ya keɓanta ga Allah, irin Rahman, ba a ba mutum shi sai da Abdu a gabansa. Sunan gwarzon zamani kuwa iska ce mai wucewa. An yi yayin Saddam a 1991, aka yi na Usama bayan 2001, musamman a Kano. Usama suna ne na sahabi, amma yaran da aka raɗa wa don Usaman da ya yi tashe a lokacin sun girma suna amsa tambayar da ba su suka jawo ba. Na ƴan wasan fim ɗin Indiya da na Turkiyya ba sai na ce komai ba.

Sai harshe. Yaron nan a Adar zai tashi, inda ake cewa hita a maimakon fita. Firdausi za ta koma Hirdausi tun ranar suna, wannan kam ba komai, ma'ana ba ta ɓaci ba. Abin gudu shi ne sunan da in ya faɗa bakin tsofaffi da yaran unguwa zai rikiɗe ya zama wata kalma ta ba'a. Gwajin mai sauƙi ne: a faɗa wa tsohuwarka sunan sau ɗaya, a koma washegari a ce ta maimaita. Abin da ya fito daga bakinta shi ne sunan da yaron zai amsa a gari.

Inda na fi son ka tsaya ka natsu shi ne takarda, don nan ne baƙon suna ya fi wahalar da mai shi. Dokar rajistar haihuwa ta 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa, kuma bayyanawar kyauta ce, a likita ko a wurin da aka tanada a ƙauye, daga nan ta wuce ma'aikatar magajin gari. Matsalar ita ce mace takan bar likita tun kafin a raɗa suna, sai wani ya koma ya faɗa. Kai kana Abijan, ƙanenka ne zai je, da baki kawai. Ma'aikacin kuma da ƙa'idar Faransanci yake rubutu: Shu'aibu ya zama Chaïbou, Usmanu ya zama Ousmane, Isa na maƙwabtanmu Buzaye ya zama Rhissa. Waɗannan hannunsa ya saba da su. Sunan da bai taɓa ji ba kuwa yadda kunnensa ya ba shi zai rubuta. Bayan shekara shida ko bakwai malamin makaranta ya rubuta nasa daban, ba wanda zai lura sai ranar haɗa takardun jarrabawar BEPC, ko neman katin ɗan ƙasa, ko fasfo na aikin Hajji. Gyaran harafi ɗaya a takardar haihuwa na iya kai mutum gaban alƙali. Ka tambayi mutumin Bangi da ya yi ta zirga-zirga zuwa Madawa, ko na Karofane zuwa Buza, kan irin wannan. Wanda ya bari wa'adin ya wuce ma sai da hukuncin kotu zai sami takardar.

Maganin ba shi da tsada. Ku tsai da rubutu guda, ka aika shi a saƙon waya da manyan baƙaƙe, a kwafe shi a takarda a miƙa wa ma'aikacin hannu da hannu. Ranar karɓa a karanta harafi bayan harafi kafin a bar wurin, har da sunanka na uba, a gwada shi da yadda yake a katinka.

In baƙon suna kuke so, ni dai ban ga dalilin zuwa nesa ba. Cikin sahabbai akwai Nusaiba da Rufaida da Haulatu da Sumayya, akwai Mus'abu da Miƙdadu da Ukasha da Suhaibu, kowanne da tarihin da yaro zai yi alfahari da shi. A gida kuma mun yi watsi da namu: Nomau da Shibkau na lokacin aikin gona, Anaruwa, Arzika, Tanko wanda ya biyo bayan mata, Kande wadda ta biyo bayan maza. Yau a aji guda sai ka sami Amira uku ba ka sami Kande ɗaya ba, to wane ne baƙon? Irin su Ajuji dai, da ake sa wa ɗan wabi don a kau da idon mutuwa, gara a bar su inda suke.

Game da tsohuwarka, al'ada ta riga ta yi muku sulhu. In aka mai da sunanta ko na mahaifinka, alkunya ba za ta bar maiɗakinka ta furta shi ba, dole a nemi laƙabi, nan ne naku zaɓin zai shiga. Sai dai ku sani sunan yanka ne ke hawa takarda. In kuna so laƙabin ya bi yaron har makaranta, ku nemi a rubuta su biyun tun ranar farko.

Kada ku bari sai an raba goro, liman ya zauna, wanzami yana wasa aska, sannan a fara gardama ta waya. A mazhabar Malikiyya ba a lissafa ranar haihuwa in bayan alfijir aka haihu, shi ya sa suna ke zagayowa ranar da aka haifi yaro, kuma mako guda ba ya isar mai jego da surukarta su daidaita. Ku gama magana tun yanzu, da suna biyu a hannu, na namiji da na mace. Allah ya sauke ta lafiya, ya raya mana abin da za a samu.