DARASI: YARON DA YA KARYA DA KOKO ZALLA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa matasa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi yunwar yara a cikin zangonmu na nan Ankara. Iyayenmu suna ba mu labarin yunwar 1983, shekarar fari da gobarar daji, lokacin da aka koro mutanen Gana kusan miliyan ɗaya daga Nijeriya. Waccan yunwa kowa ya gan ta. Wadda muke magana a kai ɓoyayyiya ce, tana cikin gidan haya a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, inda yaro yake shan koko safe da yamma, cikinsa ya cika, jikinsa kuwa bai samu komai ba.

A nan garin ne ma duniya ta koyi sunan cutar. Dakta Cicely Williams, wadda ta yi aiki a asibitin yara na Princess Marie Louise, ta bayyana ta a 1933, a 1935 kuma ta kira ta da sunan da Gaawa suke kiranta, wato kwashiyoko: ciwon da ke kama yaron da aka yaye saboda an yi masa ƙane. Ta lura cewa yaran nan kunun masara kawai ake ba su. Ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, yaro ya daina wasa. Mu kuwa sau da yawa sai mu ce sammu ne ko maita, mu tafi neman rubutu, alhali maganin yana cikin buhun wake da gyaɗa.

To, ina ruwan addini? Ku buɗe Suratul Ma'un ku karanta tare da malaminku. Cikin siffofin mai ƙaryata ranar sakamako da Allah Ya ambata har da rashin kwaɗaitar da mutane a kan ciyar da miskini. Ku lura da kyau: zargin ya hau kan wanda bai zuga wasu ba. Ke nan saurayin da ba shi da ko sidi ɗaya a aljihu bai tsira ba, domin yana da baki da ƙafa. Kuma malaman tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ji kukan jinjiri da dare, ya tarar uwar tana gaggawar yaye shi don baitulmali ba ya ba yaro kaso sai an yaye shi. Da gari ya waye ya canja dokar, ya sa a rubuta wa kowane jariri kasonsa tun daga haihuwa. Bai tsaya ga jinjiri ɗaya ba, ya gyara tsarin gaba ɗaya.

Wani zai ce ai gwamnati tana ciyarwa. Gaskiya ne, tun 2005 aka fara shirin ba yara abinci mai zafi sau ɗaya a rana a makarantun gwamnati. Amma bai kai kowace makaranta ba, ba ya aiki ranar Asabar da Lahadi da lokacin hutu, kuma ɗan shekara biyu da ke goye a bayan uwarsa a kasuwa ba ya cikin lissafi. Shi ne kuwa ya fi shiga hatsari.

Abin da za mu iya ba shi da wuya. Da farko mu san yaran. Mai koko ta bakin lungu ta san yaron da yake zuwa ya tsaya ba kuɗi. Malamin makarantar allo ya san wanda yake gyangyaɗi tun hantsi. 'Yan'uwanmu mata su tambaye su a asirce, su kuma raka iyaye zuwa awon yara a asibiti. Akwai ɗan zaren awo da ake ɗaura wa a damtse: yaro mai wata 6 zuwa shekara 5, in damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, asibiti za a kai shi a ranar, ba a jira.

Sa'an nan garin kunu. A soya masara da wake da gyaɗa, masarar ta fi yawa, a niƙa tare, shi ne abin da ake kira Tom Brown. Kowane masallaci zai iya ajiye buhu, masu salla su riƙa zuba gwangwani ɗaya ranar Juma'a, samari su kai injin niƙa, mata su ƙulla su raba gida gida bayan Magariba. Kada a tara yara a layi, kada a ɗauki hoto. Uwar da aka kunyata sau ɗaya ba za ta sake karɓa ba.

Akwai kuma abin da za mu faɗa wa manyanmu cikin ladabi. A wurin awure da suna da sadakar arba'in, nama yakan ƙare a kwanon manya, yara su samu romo da ƙanzo. Haka ma zakkar fid-da-kai takan taru a hannun mutum biyu ko uku da aka saba kai wa. Mu roƙi Liman da Sarkin Zango su yi magana a kan wannan kafin azumi mai zuwa.

Kowane reshe ya zo taro na gaba da adadin gidajen da ya gano, ba tare da sunaye ba. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.