Kafin ka sayi sabon batir, a auna motar

Kusan duk wanda ya shigo garejinmu da motar da ke wayar gari ba wuta, da hukuncinsa yake zuwa: "Malam, batir ne, a canza shi." Wani ma ya riga ya canza, sabon ya yi sati biyu shi ma ya kwanta, har ya fara zargin mai shago da sayar masa da jabu. A aikina na gyaran wutar mota, sau da yawa batirin da ake tuhuma shi ne aka zalunta. Batir randa ce. In ka tashi da safe ka tarar ba ruwa, ko randar ta tsage, ko mai ɗebowa bai cika ta ba, ko wani na ɗiba cikin dare. Sabuwar randa matsalar farko kaɗai take magancewa.

Mita ce ke raba gardama. Batirin da ya cika, bayan mota ta huta 'yan sa'o'i, bolt 12.6 yake nunawa, 12.2 kusan rabi ke nan. In ka ga 10.5, galibi gida ɗaya cikin gidajensa shida ya mutu, don kowane gida kusan 2.1 yake bayarwa, kuma ba cajin da zai tashe shi. Daga nan sai a tayar da inji. Altaneta mai lafiya takan kai lambar tsakanin 13.8 da 14.5. In ta tsaya a 12 da ɗoriya, a duba bel ko buroshi. In ta haura 15, dafa batirin ake yi, har ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Ina roƙon abokan sana'a da masu mota: a daina cire kan batir inji na aiki wai a ga ko zai mutu. Motocin yanzu cike suke da kwamfuta, kuma tsallen wutar da hakan ke haifarwa na iya ƙona abin da kuɗinsa ya ninka na batir.

Inda aikin ya fi buƙatar haƙuri shi ne neman ɓarawon dare. A kashe mota, a zare makulli, a rufe ƙofofi. A kwance baƙar waya daga kan batir, a saka mita tsakaninsu, a juya ta zuwa ma'aunin amfiya. Kar a murza makulli a wannan hali, fiyus ɗin mitar zai ƙone. Sai a jira kamar minti 30 na'urorin motar su yi barci. Ƙasa da miliamfiya 50 ba komai, agogo ne da makamantansa ke lasa. Abin da ya zarce haka sosai kuwa, akwai mai ci. Sai a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, ido na kan mita. Wanda aka zare lamba ta faɗi, layinsa ne ke da laifi.

Mutane na raina ƙaramin abu. Ƙwan fitilar but mai wat 5 yana jan kusan amfiya 0.4. In ya ƙi mutuwa bayan an rufe but, cikin kwana uku ya kwashe kusan rabin batir mai amfiya 60. Haka rediyo, amfilifaya ko na'urar bin sawun mota da aka jona kai tsaye da batir, ba a bi ta makulli ba.

An taɓa kawo min wata Corolla 'yar Kwatano. Caji lafiya lau, batir sabo, na zare fiyus kaf, mita na nan daram. Da safe, kafin a tayar da ita, na ɗora hannu a jikin altaneta na ji ɗumi, alhali injin sanyi ƙalau. Ina kwance kakkaurar wayar da ke bayanta lamba ta faɗi. Dayod ɗaya ne ya lalace a ciki: da rana tana ba batir wuta, da dare wutar na komawa ta cikinta.

Shi kansa batir, zafi ke kashe shi a ƙasarmu. Ranar Afrilu da Mayu a Kano, Sakkwato ko Maiduguri, da ke wuce digiri 40, ita ke ƙafar da ruwansa ta cinye farantansa. Sanyin hunturu tona asirin kawai yake yi. In batirinka mai murfi ne, ka riƙa duba ruwansa, ka ƙara tataccen ruwan batir, ba asid ba, ba na rijiya ba. Farin garin da ke taruwa a kansa a wanke da ruwan zafi, a ɗaure kan tamau.

In kuma batir ya kwanta gaba ɗaya aka jona shi da wani ya tashi, zagayen minti goma bai isa ya cika shi ba. A kai shi caji a hankali ya kwana, domin duk zaman da ya yi ba wuta gishirin salfet ke daskarewa a farantansa, ƙarfinsa na raguwa. Motar da za ta yi makonni a ajiye kuwa, a kwance mata baƙar waya kafin a tafi.