HATTARA WAJEN SABUNTA BABBAR MANHAJAR KWAMFUTA

Kowace kwamfuta tana da wata babbar manhaja wadda ke tafiyar da dukan ayyukanta, kamar Windows ko Linux. Kamfanonin da ke yin waɗannan manhajoji sukan aiko da gyare-gyare ta intanet a kai a kai, domin toshe kafofin da ɓarayi ke bi su shiga na'urorin jama'a. Kamfanin Microsoft, alal misali, yakan fitar da nasa ranar Talata ta biyu a kowane wata. Mafi yawan gyare-gyaren nan lami lafiya suke shiga. Amma akwai waɗanda ke taɓa hanyar da na'ura take bi ta tashi, su ne kuwa ake jawo hankalin jama'a a kansu, domin idan aka sami kuskure a nan, kwamfutar takan ƙi tashi sam.

Da zarar an danna maɓallin kunnawa, wata ƙaramar manhaja da ke dashe a jikin na'urar, wadda ake kira BIOS ko UEFI, ita ke fara farkawa ta duba kayan ciki. Daga nan sai ta nemo wata 'yar manhaja a kan faifan ajiya, wadda aikinta shi ne ɗauko babbar manhajar ta ɗora. A na'urorin zamani akwai kuma mai gadi a tsakani, watau Secure Boot, wanda ke duba hatimin kowace manhaja kafin ya bar ta ta wuce. To, idan manhajar rubutu ko ta lissafi ce ta lalace, da sauƙi, sai a cire ta a sake sa wata, tun da kwamfutar tana aiki. Idan kuwa ɗaya daga cikin matakan tashi ne ya ɓaci, ko kamfanin ya aiko da magani washegari, na'urar da ba ta tashi ba ba za ta shiga intanet ba, balle ta karɓe shi. Dole sai an bi ta da hannu.

Haka ta faru a watan Janairu na 2018, sa'ad da gyaran da Microsoft ya fitar domin toshe wasu kafofi a ƙwaƙwalwar na'ura ya hana waɗansu kwamfutoci masu tsohuwar ƙwaƙwalwar AMD tashi, har kamfanin ya dakatar da aika musu shi.

A watan Agusta na 2024 kuma, abin ya faɗa wa masu riƙe da manhaja biyu a kwamfuta ɗaya, Windows da Linux. An aiko da gyara na Windows da nufin hana tsofaffin manhajojin tayar da Linux wucewa ta gaban mai gadi, saboda wata kafa da aka gano a manhajar GRUB. Kamfanin ya ce gyaran ba zai shafi na'urori masu manhaja biyu ba, amma ya shafi da dama daga cikinsu: Windows yana tashi, ɓangaren Linux kuwa sai ya nuna saƙon keta dokar tsaro ya tsaya. Abin lura a nan shi ne, masu na'urorin ba su taɓa Linux ɗin ba ko kaɗan. Daga maƙwabci matsalar ta zo.

Mafi girma duka shi ne na ranar 19 ga Yuli, 2024. Wannan bai fito daga masu babbar manhajar ba, ya fito ne daga kamfanin CrowdStrike na Amurka, mai yin manhajar tsaro wadda ke aiki a can cikin zuciyar Windows tun daga lokacin tashi. Ba a yi sa'o'i biyu ba kamfanin ya janye gyaran, amma ɓarna ta riga ta auku. Microsoft ya ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 ne suka tsaya. Jiragen sama suka kasa tashi, ayyukan bankuna da asibitoci suka tabarbare a ƙasashe da yawa, ma'aikata suka yi kwanaki suna bin kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya suna goge fayil guda.

Kada a ɗauka cewa mafita ita ce ƙin karɓar gyara. A watan Mayu na 2017 muguwar manhajar WannaCry ta kulle na'urori a ƙasashe masu yawa, har da na asibitocin Ingila, alhali tun watan Maris aka fitar da gyaran da zai tare ta. Abin da ake bukata shi ne shiri.

Shiri na farko shi ne kwafe muhimman takardu zuwa wani faifai dabam, a cire shi daga jikin na'urar a adana. Sannan a haɗa filashin ceto tun kwamfuta tana lafiya, domin da shi za a tayar da ita in ta ƙi. Wanda faifansa ke kulle da BitLocker, kuma na'urori da yawa haka suke zuwa ba tare da masu su sun sani ba, lalle ya nemi mabuɗinsa mai lambobi 48 ya rubuta a takarda. Canji a matakan tashi yakan sa na'ura ta nemi wannan mabuɗi, in babu shi kuwa, ko gwanin gyara ba shi da ta yi.

Batun wutar lantarki ya fi shafar jama'ar ƙasar nan. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabunta BIOS, na'urar tana iya mutuwa ta yadda ko filashin ceto ba zai tashe ta ba. Saboda haka kada a fara wannan aiki sai batiri ya cika kuma caja tana jone, ko akwai na'urar riƙe wuta, kuma kada a kashe kwamfuta don an ga ta daɗe.

A ofisoshi da makarantu, bai kamata a saki gyara a kan dukan na'urori rana ɗaya ba. A gwada a kan ɗaya ko biyu, a jira 'yan kwanaki. Windows yana ba da damar jinkirta gyara har mako 5, da kuma komawa tsohon salo cikin kwana 10 bayan babban canji.

Idan duk da haka kwamfuta ta ƙi tashi, a rubuta saƙon da ta nuna daidai yadda yake, a kai wa mai gyara. Kada a yarda a goge faifan cikin gaggawa, domin sau da yawa takardun suna nan daram, hanyar kaiwa gare su ce kawai ta toshe, kuma ana iya kwashe su kafin a sake ɗora manhajar.