Agogon naka ne, amma tun yaushe?

Mai shirin ƙaura zuwa Turai yana da abubuwan da suke hana shi barci: biza, kuɗin jirgi, gidan da za a sauka, makarantar yara. Agogo ba ya shiga wannan lissafi. Sai ana gobe tafiya ake kwaso su daga durowa, a naɗe a safa ko a hula, a cusa a gefen jaka. Sana'ata ita ce haɗa wa masu ƙaura takardun kayansu da karɓo kayan daga hannun kwastam, kuma wannan ɗan ƙunshin ya fi ba ni tsoro a kan kwantena guda ta kujeru da tukwane. Tsohuwar kujera ba ta ɗaga wa jami'i hankali. Agoguna biyar ko shida masu suna a jaka ɗaya kuwa, a idonsa haja ce, sai in an nuna masa akasin haka.

Yawancin waɗanda suke zuwa wurina a 'yan shekarun nan Ingila suka nufa: likitoci, ma'aikatan jinya, malaman jami'a, da matan da za su bi mazajensu. Don haka da dokar can zan fara. Matafiyin da ya sauka a Ingila an yafe masa harajin kayan da kuɗinsu bai wuce fam 390 ba. Idan abu guda ya haura haka, a kan kuɗinsa gaba ɗaya za a yanka haraji, ba a kan abin da ya ɗoru ba, kuma miji da mata ba za su haɗa rabonsu su rufe agogo ɗaya ba. Harajin VAT a can kashi 20 cikin ɗari ne. Agogon fam 8,000 ke nan zai ci fam 1,600, tun mutum bai kai ga ƙofar fita daga filin jirgi ba. A Jamus kashi 19 ne, rangwamen mai zuwa ta jirgin sama kuma Yuro 430. Kuɗin fiton agogo shi kansa a Tarayyar Turai abin dariya ne, bai kai Yuro ɗaya ba komai tsadar agogon. VAT ɗin ne mai cizo.

Amma mai ƙaura ba ɗan yawon buɗe ido ba ne, kuma doka ta san da haka. Ingila tana da sassauci na musamman ga wanda ya tattaro ya koma can da zama, ana nemansa ta intanet a wurin hukumar haraji ta HMRC da fom ɗin da ake kira ToR1, kafin kaya su tashi. In an amince, za a ba ka lamba, kayanka su shiga ba ko kwabo. Sharuɗɗan ba su da yawa. Ka zauna a wajen ƙasar wata 12 a jere. Kayan sun kai wata 6 a hannunka kana amfani da su. Ka shigo da su cikin wata 12 da komawarka. Sannan ba za ka sayar, ko ka ba da aro, ko haya, ko jingina ba sai bayan wata 12 da shigowarsu. Ƙasashen Tarayyar Turai ma kusan haka tsarinsu yake, a ƙarƙashin dokarsu mai lamba 1186 ta 2009.

Sharaɗi na biyun nan shi ne inda mutanenmu suke faɗuwa, kuma ba don rashin gaskiya ba. Jami'in kwastam bai damu ya ji cewa agogon naka ne ba, ya ga ai a jakarka yake. Abin da yake so ya sani shi ne tun yaushe, kuma da me za ka tabbatar. Mu kuwa yadda agogo yake zuwa hannunmu ba ya barin takarda. Wani tsarabar Makka ce. Wani an saye shi a Dubai da kuɗi hannu, rasit ɗin ya tafi da ledar. Wani suruki ne ya ciro daga hannunsa ranar ɗaurin aure ya ɗaura wa ango. Wani kuma gado ne. Wa zai ce wa surukinsa ya ba shi rasit?

Wani likita ya zo mini da agoguna shida a cikin akwatin katako mai rufin gilashi, saura mako biyar ya tashi. Biyu kawai suke da katin garanti. Na ɗaga wani tsohon Rado mai ruwan zinare, gefen madaurin ya cinye saboda daɗewa a hannu, na tambaye shi takardarsa.

"Haba Malam, na Baba ne fa, Allah ya jiƙansa. Tun ina firamare yake ɗaura shi."

"Amin, Likita. Ni na yarda. Wanda zai tare ka a Manchester ne bai san Baba ba."

Abin da muka yi shi ne abin da nake sa kowa ya yi. Muka kifa kowane agogo, muka ɗauki hoton fuskarsa da bayansa, muka kwafe lambar da kamfani ya buga a jikinsa. Lambar nan ita ce ke raba agogonka da dubban irinsa, kuma a wasu sai an cire madauri ake ganinta, a tsohon Rolex misali tana tsakanin ƙafafun da suke riƙe madaurin, ta wajen ƙarfe shida. Daga nan muka shiga farautar shaida. Rado ɗin ya fito a takardar rabon gado da kotun shari'a ta bayar, an rubuta shi cikin kason likitan. Omega ɗin da aka ba shi kyauta muka same shi a hannunsa a hotunan sunan ɗansa, hotunan kuma suna ɗauke da kwanan wata a cikin waya. Wani an taɓa kai shi wanki da sauya batir, mai gyaran yana da littafin da yake rubuta abin da aka kawo masa, ya ba mu takarda da hatiminsa. Wani da ya saya a Dubai ma, wanda aka ce ba shi da wata takarda, sai ga shi a bayanan banki, domin ashe rabin kuɗin da kati aka biya. Kowane agogo ya samu shafi guda: suna, samfuri, lamba, shekarar da ya zo hannu, ta wace hanya, da kimar kuɗinsa a yau. Shi muka haɗa da jerin kayan da aka tura wa HMRC, maimakon a rubuta "kayan sawa da na ado" a dunƙule kamar yadda mutane suke yi.

Wannan aiki yana cin makonni, shi ya sa nake cewa a fara da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Agogon likitan na shida ne ya ƙi. Sabo ne fil, ya saye shi wata biyu kafin nan don ya taya kansa murnar samun aiki, ledar kamfani ma tana manne a bayansa. Na gaya masa gaskiya: wannan bai cika wata 6 ba, ba ya cikin sassaucin. Ko ya bayyana shi ya biya, ko ya bar shi a gida. Sai ya kawo shawarar da kusan kowa yake kawowa, wai ya ɗaura shi a hannu, kwalin da katin kuma a aika daga baya ta hannun masu kai saƙo. Wannan dabara ta tsufa, kwastam sun fi mu saninta. Kwalin agogo mai tsada da ya iso ba kowa a ciki, ga kati mai kwanan wata da lamba, ga sunanka da adireshinka a bayan fakitin, ai shaida ce ka aika musu da hannunka. Ya zaɓi ya biya.

Akwai abin da mutane ba su gane ba game da ƙofofin nan biyu na filin jirgi, koriya da ja. Bin koriyar ƙofa magana ce a wurin doka, kamar ka buɗe baki ka ce ba ka ɗauke da abin da za a biya wa haraji. In aka tare ka bayan ka shige ta, zance ya tashi daga na biyan kuɗi ya koma na ɓoye kaya: ana iya ƙwace agogon, a ci ka tara, a wasu ƙasashen har a buɗe maka fayil na kauce wa haraji. A watan Janairun 2024 aka tsare Arnold Schwarzenegger, wanda masu kallon fim a nan suka fi sani da Kwamando, na kusan awa uku a filin jirgin Munich saboda agogon Audemars Piguet da bai bayyana ba. Zai kai shi Austriya ne a yi gwanjonsa don aikin agaji. Tsohon gwamnan Kalifoniya ne, niyyarsa kuma ta alheri, duk da haka sai da aka buɗe masa bincike. Shawarata ga mai ɗauke da tarin agoguna, ko da takardar amincewa a hannunsa, ya bi jar ƙofa ya ajiye fayil ɗinsa a kan tebur. Ɗan jinkirin da zai yi a wurin bai kai komai ba.

Sharaɗin hana sayarwa shi ma yana kama mutane, ta inda ba su zata ba. Watannin farko a baƙuwar ƙasa suna da tsanani: kuɗin ajiya na haya, kayan sanyi, albashi bai fara shigowa ba. Ido sai ya faɗa kan agogo. Dillalan agogo na can kuwa suna karɓar shaidar mai sayarwa, su rubuta lambar agogon. Wanda ya san zai iya buƙatar sayarwa, gara ya sayar tun a gida, ko ya sanar da hukuma ya biya harajin wannan guda ɗayan kafin ya rabu da shi. A Amurka wa'adin ya fi tsawo: kayan adon da baƙo ya shigo da su ba haraji, in kuɗinsu ya kai dala 300, ba a sayar da su cikin shekara 3 ba tare da an biya fito ba.

Sai maganar saƙo, wadda nake shan fama a kanta. Ɗan'uwa a Landan ya ce a taho masa da agogonsa, ko aboki ya ba da a kai wa ƙaninsa. Kunya ba ta barin mutum ya ƙi. Amma sassaucin ƙaura na kayanka ne kai kaɗai, kuma duk abin da aka samu a jakarka kai za ka amsa. In agogon ya zama jabu, nan ma kai ne. Faransa tana ɗaukar shigo da jabun kaya a matsayin laifin kwastam ko da na sawarka ne, Suwizalan kuma tun 2008 take ƙwace jabun agogo daga hannun matafiya ta lalata. Kasuwanninmu cike suke da "Rolex" na dubu ashirin, kuma akwai dattijan da suka shekara goma suna ɗaura na kyauta ba su san jabu ba ne. A kai wa masani ya buɗe ya duba injin tun a gida.

Amare suna da tasu ƙofar. Dokar Tarayyar Turai ta yafe harajin kayan ɗakin amarya ko da sababbi ne, da kyaututtukan biki muddin kowace kyauta ba ta wuce Yuro 1,000 ba, in sun shiga tsakanin wata 2 kafin aure da wata 4 bayansa. Ingila ma tana da makamancin wannan. Agogon lefe na yau da kullum zai wuce a haka. Wanda ya haura wannan kuɗi ba zai wuce ba, komai yawan hotunan biki.

Kada a sa agogo a kwantena, kada kuma a sa shi a akwatin da za a auna. Inshorar kayan ƙaura galibi tana cire agogo da gwal daga abin da take biya, kamfanin jirgi kuma in ya ɓatar da akwati, diyyar da yarjejeniyar Montreal ta ɗora masa ba ta wuce kimanin dala 2,000 ba, ko me ke ciki. Jakar hannu, a gabanka, tare da inshora ta daban da ta ambaci kowane agogo da lambarsa.

Abin da kusan ba wanda yake tunawa shi ne madauri. Manyan agogunan Suwizalan da yawa suna zuwa da madaurin fatar kada, yawanci irin kadan Amurka da ake kiwo a Louisiana. Fatar kada, da ta mesa, da ta guza, duk suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973 mai kare namun daji. An yi wa matafiyi rangwamen kayan fatar kada har guda 4, in nasa ne kuma yana tare da su, ba a fakitin da aka aika ba. Mai agoguna bakwai duk da irin wannan madauri ya riga ya wuce iyaka. Wanda kuma ya sa baduku ya yanka masa madauri daga fatar kadan gida ya fi shiga matsala, domin kadan Najeriya yana rukunin farko na yarjejeniyar, mafi tsanani, wanda rangwamen bai shafa ba. Neman takardar izini yana ɗaukar lokaci, kuma fatar da ba a san asalinta ba da wuya ta samu. Abin da nake sa masu zuwa wurina su yi shi ne su je wurin mai gyara ya cire madaurin ya sa na ƙarfe ko na fatar saniya, na kadan a bar shi a gida.

Fayil ɗin nan kuma kada a jefar da shi bayan an isa. Ranar da za ka zo hutun Sallah da agogo biyu a jaka, a hanyar komawa za a iya tambayarka ko a tafiyar ka saye su, musamman in jirginka ya biyo ta Dubai ko Doha. Lambar amincewar HMRC da shafin agogon su ne amsarka. Mazauna Amurka suna da fom na musamman mai lamba 4457, ana kai agogon ofishin kwastam kafin a fita, jami'i ya duba lambar ya buga hatimi, kuma takardar tana aiki a duk tafiyar da za a yi da wannan agogon daga baya.