Darasi na 9: Amosanin gaɓɓai mai kumburi da yadda ake shan maganinsa

'Yan uwana mata, darasinmu na yau a kan ciwon da da yawanmu ke kira sanyin ƙashi ne. Ba kowane ciwon gaɓa ne irin wanda nake nufi ba. Wannan shi ne mai kumbura gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu, dama da hagu lokaci guda, mace ta tashi da safe hannunta a sandare, ta fi rabin awa ba ta iya riƙe ludayi. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa gaɓɓai, kuma ya fi kama mata, ninki 2 zuwa 3 a kan maza. Ba jifa ba ne, ba kuma a ɗaukarsa daga wani. Ba ya warkewa gaba ɗaya, amma magani na kwantar da shi kafin yatsu su karkace.

Babban magani

Wanda likitoci suka fi farawa da shi sunansa metotirekset. Ina roƙonku ku riƙe wannan da kyau: sau ɗaya ake shansa a mako, ba kullum ba. Shansa kullum na iya kisa. Ki zaɓi ranar da ba ta ɓace miki, kamar ranar zubi. Ana haɗa shi da folik asid, a sha a wata rana daban, don rage tashin zuciya da gyambon baki. Yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ji sauƙi, don haka kar a ce bai karɓe ki ba tun mako na biyu. Ana gwajin jini akai-akai da farko, daga baya duk bayan wata 2 ko 3, don duba hanta da ƙoda da ƙwayoyin jini.

Maganin nan yana illa ga ɗan tayi. Mai ciki da mai shayarwa ba sa shansa. In kina son haihuwa, ku je ke da maigida wurin likita tun kafin cikin ya shiga, a canja miki wani. Kar kuma a haɗa shi da Septrin, ko da kuwa mai kemis ne ya ba ki.

Masu rage zafi

Ibufurofen da diklofenak suna rage raɗaɗi, amma ba sa hana gaɓa lalacewa. Yawan shansu na kawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda. A sha bayan abinci, da azumi kuwa bayan buɗa baki. Ki tambayi likita kafin ki haɗa su da babban maganin.

Firednisolon yana sauke kumburi da wuri, shi ya sa ake sonsa. To amma in an daɗe a kansa, fuska ta cicciko, suga da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi rauni. Wadda ta daɗe tana sha kar ta yanke shi rana ɗaya. A hankali likita ke rage shi. Ƙullin haɗin ƙwayoyi da ake sayarwa a kasuwa ba suna ba kwali, ni dai shawarata a bar shi.

A tafi asibiti a ranar idan aka ga:
- zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro
- gyambo a baki
- busasshen tari da sarƙewar numfashi
- ido ya yi ɗorawa
- baƙin bayan gida ko aman jini

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Abin da na fi gani yana katse magani shi ne kuɗin mota da na gwaji. Mace ta tsallake wata ɗaya, ciwo ya dawo, sana'a ta tsaya, zubi ma ya gagara. Ku duba dokar asusun taimakon juna, ku ga ko za ta ɗauki irin wannan larura mai daɗewa. A samu mace ɗaya mai tuna wa 'yar uwarta ranar shan magani, a kuma kama mata daka da ɗiban ruwa ranar da jikin ya motsa.

Tambayoyin tattaunawa
1. Sau nawa ake shan metotirekset a mako?
2. Wace alama ce ba a kwana da ita a gida?
3. Nawa asusunmu zai iya warewa a wata don gwajin jinin mace ɗaya?